Ko Jirgi Ya Dawo Kafancan, Me Za Mu Ɗora Masa?

A wannan mako filinmu zai yada zango ne a Kafancan, cikin kudancin Jihar Kaduna, inda babu maganar da ke saurin tara mutane a gindin bishiya kamar maganar dawowar jirgin ƙasa. A cikin watan Maris na 2021 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin gyaran tsohuwar hanyar dogo wadda ta taso daga Fatakwal, ta ratsa Inugu da Makurɗi da Kafancan, ta ƙare a Maiduguri. A cikin 2024 jirgi ya fara kai da kawowa tsakanin Fatakwal da Aba, watau ɗan guntun farko na hanyar. Daga Aba zuwa Kafancan akwai sauran tafiya mai nisa, amma duk da haka tsofaffin ma'aikatan Reluwe da 'yan kasuwa da samarin da ba su da aikin yi, kowa ya kasa kunne yana jiran ranar da zai sake jin usur daga wajen tasha.

Ni ma ina cikin masu wannan fata, domin babu ƙasar da za ta ɗora dukan kayanta masu nauyi a bisa kwalta kuma kwaltar ta yi ƙarko. Amma akwai tambaya guda da ba a cika yi ba: idan Allah ya kawo ranar, jirgi ya shigo tasha ya tsaya, me mutanen kudancin Kaduna za su ɗora masa, kuma wane irin aiki zai samar wa 'ya'yansu? Tarihin garin kansa ya isa ya ba mu amsa in har mun yarda mu saurare shi, amsar kuwa ta shafi kowane mai sana'a a ƙasar nan, daga Sakkwato har Yola.

Kafin zuwan Turawa, arzikin wannan yanki a bayan jaki da kan ɗan alaro yake tafiya. Fatake kan taso daga Kano da Zariya da kanwa da gishiri da tufafi, su sauka a Kauru ko Kaciya ko Zangon Katab, kana su gangara Jama'a da Keffi har bakin Binuwai. Sunan Zangon Katab ma kaɗai ya isa shaida. A kan wannan fatauci mutane da yawa suke ci: madugu mai jan ayari, da jagaba mai sanin hanya, da fatoma mai saukar da baƙi, da masu jakai, da masu sayar da harawa da abinci a kowane zango. Ɗa ya gaji uba, jika ya gaji kaka, babu wanda ya taɓa zaton ranar mutuwar wannan sana'a za ta zo.

Sai ga ƙarfe ya ratso daji. A cikin 1927 aka haɗa hanyar dogon da ta taso daga Fatakwal da wadda ta taso daga Kaduna, aka kuma cire reshe zuwa Jos, mahaɗar kuwa ta faɗo a ƙasar mutanen Fantswam, inda Kafancan take. Buƙatar Turawa a fili take: kwal ɗin Inugu ya hau zuwa Arewa da filayen haƙar ma'adinai, kuzar Jos kuma ta gangara bakin teku ta hanya mafi kusa. A 1932 aka gama gadar Makurɗi, aka huta da ƙetarar da taragu ta kan ruwa. A 1933 fadar Sarkin Jama'a ta taso ta dawo Kafancan. A 1964 hanyar da aka cire daga Kuru ta bi ta Bauci da Gombe ta isa Maiduguri. Ta haka Kafancan ta zama wurin da hanyoyi uku suka gamu, ɗaya ta nufi Kaduna ta Zonkwa, ɗaya ta nufi Jos ta Kagoro, ɗaya kuma ta gangara Lafiya da Makurɗi.

Wanda bai ga zamanin jirgi mai kwal ba, da wuya ya gane yawan bakunan da kan jirgi guda yake ciyarwa. Akwai direba, da mai sheƙa masa kwal a wuta, da masu ba injin ruwa, da masu kwashe toka, da masu wanke tukunyarsa idan ya shiga loko. Akwai makanikai da maƙera da kafintocin taragu, da masu juya hanya, da gadi mai tuta, da akawun kaya, da mai yankan tikiti, da mai buga wayar tangaraho, ga kuma leburorin dogo da helumominsu a kowane 'yan mil kaɗan. A bayan waɗannan kuma sai 'yan dako da masu tuwo da masu rake da ayaba da teloli da masu gidajen haya. Bajju da Atyap da Ham da Agworok da Gwong da Nikyob, da Hausawa da Fulani, da Ibo da Yarabawa da Tibi, duk albashin ƙarshen wata ya haɗa su a gari guda. A wancan lokaci uba kan bugi ƙirji idan ɗansa ya sami aikin Reluwe, don ya san akwai gida, akwai asibiti, akwai fansho.

To, ina fataken suka shiga? Da yawansu sun ƙare a zaune, suna zagin ƙarfen Nasara. Waɗansu kuwa sun duba abin da wani ido. Alhaji Alhassan Ɗantata ɗan fataucin goro ne, wanda ya san hanyar Gwanja tun yana saurayi. Da ya ga jirgin ruwa ya fi jaki sauri, sai ya riƙa ɗora goronsa daga Ankara zuwa Ikko ta teku. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, aka kuma buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, Turawa auduga suke sa rai, manoma kuwa suka zaɓi gyaɗa. Ɗantata ya juya yaransa da amanar da ke tsakaninsa da mutanen ƙauyuka zuwa sayen gyaɗa, har ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Jarinsa na gaskiya shi ne sanin inda kaya suke, da sanin mai buƙatarsu, da mutanen da suka yarda da shi, wannan jari kuwa yana hawa jaki, yana kuma hawa tarago.

Haka abin ya kasance ga masu aikin ƙarfe. Wannan yanki ya daɗe da sanin ƙarfe, don kuwa garin Nok, wanda duniya ta san sunansa saboda gumakan yumɓu da aka fara tonowa a wajen haƙar kuza a 1928, yana nan a ƙasar Jaba, masana kuma sun tabbatar mutanen wancan zamani suna narka tama shekaru fiye da dubu biyu da suka wuce. Amma da jirgi ya fara zubo da ƙarfen Turai da tarkacen dogo a araha, sai masu narka tama suka rasa mai saye, sana'ar ta mutu murus. Maƙera kuwa suna nan har gobe, domin manomi fartanya da garma yake nema, bai damu da inda ƙarfen ya fito ba, maƙeri kuma ya yarda ya sauya abin da yake sa wa a wuta.

Abin da jirgi ya yi wa jaki, shi mota ta yi wa jirgi, sai dai rugujewar daga cikin gida ta soma. Tun daga 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, aka fara shigo da kawunan jirgi masu shan man dizal. Irin wannan inji ba ya neman kwal, ba ya tsayawa shan ruwa a kowace tasha, ba ya barin toka. Kowane ɗaya da aka saya, ayyukan mutane da dama ne suka tafi tare da zuwansa, ga kuma kwal ɗin Inugu ya rasa babban mai sayensa. Rikicin 1966 ya kori ƙwararrun ma'aikata masu yawa zuwa gabas, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kuma ya yanke hanyar Fatakwal ɗungum, wadda ita ce jijiyar Kafancan.

Bayan yaƙi sai kuɗin man fetur ya shigo. Gwamnati ta malala kwalta ko'ina, kuɗin Udoji na 1974 ya sa akawu da malamin makaranta suka sayi babur da mota, a 1975 kuma aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna. Mai kaya ya yi lissafinsa. In ya nufi tasha, sai ya ɗauki mota zuwa can, ya sauke, ya jira tarago kwana da kwanaki, a ɗora, a kai, ya sake neman wata mota a ɗaya gefen, a tsakanin nan kuma buhu ya yi ƙafa. In ya kira mai gingimari kuwa, daga ƙofar rumbu sai ƙofar kanti. Kayan da aka gina hanyar dominsu su ma suka ƙafe: fari da cuta suka gama da dalar gyaɗa a tsakiyar shekarun 1970, farashin kuza kuma ya faɗi warwas a kasuwar Landan cikin Oktoba 1985.

Alƙaluma sun nuna yadda abin ya yi sauri. A 1964 jiragen ƙasar nan sun ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. A 1974, shekara goma kacal, fasinja sun koma miliyan 4 da 'yan kai, kaya kuwa tan miliyan 1 da ɗoriya. An ɗauko ƙwararru daga Indiya suka riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, abubuwa suka ɗan farfaɗo, da suka tafi aka koma gidan jiya. A 1988 hukumar ta kasa biyan basussukanta, aka shiga sallamar ma'aikata kashi-kashi. Wanda ya ga tashar Kafancan a zamanin da ba ta barci, ya kuma ga ciyawa ta rufe dogo, ba ya buƙatar a karanta masa waɗannan alƙaluma.

A cikin 1960 wani malamin Jami'ar Harvard ta Amurka mai suna Theodore Levitt ya rubuta wata maƙala da har yanzu ake koyar da ita ga ɗaliban kasuwanci. Abin da ya nuna a taƙaice shi ne, kamfanonin jiragen ƙasa na Amurka sun shiga wahala ne sabili da sun ɗauka sana'arsu ita ce tafiyar da jirgi, alhali kuwa abin da jama'a ke biyan kuɗi dominsa shi ne a kai su inda za su, a kuma kai musu kayansu a kan lokaci. Da sun gane haka, da su ne za su fara sayen manyan motoci su haɗa da jiragensu. Madugu da mai narka tama da Reluwe ɗinmu, duk cuta guda ce ta kwantar da su: sun riƙe kayan aiki gam, suka mance da buƙatar da kayan aikin ke biya. Buƙata tana daɗewa, don mutane ba za su daina tafiya ko noma ko aika saƙo ba. Kayan aiki kuwa riga ne, zamani kan tuɓe wannan ya sa wancan.

Abin da ya kamata ya tayar mana da hankali shi ne yadda rigar ke ƙara saurin tsufa. Fataucin jakai ya yi ɗaruruwan shekaru. Zamanin jirgi a Kafancan bai wuce shekara hamsin yana tashe ba. Da ya fara sanyi, dubban samarin kudancin Kaduna suka nufi masaƙun Kakuri, inda masaƙar farko, watau KTL, ta fara aiki a 1957. Aka ɗage takunkumin shigo da yadi a 1997, atamfar Sin mai araha ta cika kasuwa, ga tsofaffin injuna, ga rashin wutar lantarki, KTL ta rufe a 2002, UNTL kuma ta bi sahu a 2007. A watan Agusta na 2001 wayar salula ta shigo, lokacin da layukan tarho a duk faɗin ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba, yau kuwa sun haura miliyan 150. Mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya ya naɗe tabarmarsa, mai keken rubutu ya bi shi, mai wanke hoto a ɗakin duhu ma haka. Sabuwar sana'ar da wayar ta haifa, watau yarinya mai laima da tebur tana sayar da kira a bakin titi, ko shekara goma ba ta yi ba ta mutu, don kowa ya sayi tasa. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, mai na'urar POS ya zama sarki a kowace kasuwa, amma yanzu mai tumatir ma yana karɓar tiransifa. Ga kuma kwamfuta ta fara rubuta wasiƙa da yin lissafi da fassara da kanta, abin da ya kamata kowane akawu ya kwana da shi a rai.

Yanzu bari mu koma kan tambayar farko, watau kayan da za a ɗora. Abin da kudancin Kaduna ke taƙama da shi a yau shi ne citta. Tun zamanin Turawa ake nomanta don sayarwa a ƙasashen Jaba da Kaciya da Kagarko da Jama'a, iri biyu kuma aka fi sani, Tafin Giwa da Yatsun Biri. Kafin 2023 alƙaluman Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun sa Nijeriya cikin ƙasashe uku da ke kan gaba wajen noman citta, tare da Indiya da Sin, mafi yawan tamu kuwa daga wannan yanki take fitowa, masu saye a waje kuma suna sonta saboda yajinta da yawan manta. Da kuɗin citta aka gina gidajen kwano, aka biya kuɗin makaranta, aka yi aure. A nan ma uba kan ce wa ɗansa, ga abin da ba ya mutuwa.

A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin, ganye ya yi rawaya ya bushe, saiwa ta ruɓe a ƙasa. Ma'aikatar Aikin Gona ta Tarayya ta ƙiyasta asarar manoma da fiye da naira miliyan dubu 12. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne citta ba ta da ƙwayar iri kamar dawa ko masara, jikinta ake gutsurawa a dasa, saboda haka wanda amfaninsa ya ruɓe, irinsa na baɗi ma ya tafi, wanda ya saura kuma mai yiwuwa ne yana ɗauke da cutar. Farashi ya yi tashin gwauron zabi a daidai lokacin da manomi ba shi da abin sayarwa. Dattawan Kano za su tuna 1975, lokacin da wata cuta da ƙananan ƙwari ke yaɗawa ta gama da gyaɗa bayan shekarun fari, kasuwar waje kuma ta koma hannun waɗansu ƙasashe. Mai saye a Turai ko ƙasashen Larabawa ba ya jiran kowa, in bai samu a nan ba, zai nema a can, in kuwa ya saba da can, dawo da shi sai an sha wuya.

Ko a shekarun da citta ta yi kyau, mai karatu ya duba yadda muke sayar da ita. Manomi ya haƙe, mata su tsaga, a shanya a kan dutse ko a gefen titi, a zuba a buhu, dillali ya saya, tirela ta kwasa zuwa Ikko. A can ƙetare ne ake niƙa ta, a tatse manta, a sa a lemo da biskit da magani da turare, a can kuma ribar take zama. Wadda aka shanya a ƙasa ta sha ƙura da raɓa ta yi fumfuna, a bakin tashar jirgin ruwa ake ƙin karɓarta ko a karya mata daraja. Masana'antar sarrafa citta da gwamnatin jiha ta kafa a Kaciya ta yi shekaru da yawa ba ta aiki. In haka za mu ci gaba, ko jirgi ya dawo, ɗanyen arzikinmu zai riƙa kwasa zuwa teku kamar yadda ya kwashi kuza, abin da za a bar mana shi ne kuɗin dako.

Kada kuma mu ruɗi kanmu game da yawan aikin da jirgin zamani ke bayarwa. Sabuwar hanyar Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186, wadda aka buɗe a watan Yuli na 2016, ba ta bi ta Kafancan ba, faɗinta ma ya bambanta da na tsohon dogo, har jirgin wannan ba ya iya hawa wancan. Tikitinta ta waya ake saye, alamun hanya kuma da lantarki ake sarrafa su. Babu mai kwal, babu mai toka, babu mai tangaraho. Ayyukan da ke akwai na masu ilmin lantarki da injiniya da kwamfuta ne, in kuwa ba mu tanadi irinsu ba, daga wani wuri za a kawo su. A Ingila akwai wani gari, Suwindon, wanda shi ma jirgi ne ya raya shi, har ma'aikatar ƙera jiragensa ta taɓa ɗaukar mutum kimanin 14,000. An rufe ta a 1986. Kamfanin motocin Honda ya zo ya cike giɓin, shi ma ya rufe a 2021, mutum kimanin 3,500 suka rasa aiki. Garin da ya jingina da bango guda, ko a Turai yake, ranar da bangon ya zube tare za su faɗi.

Na san akwai mai cewa, malam, faɗa da baki ba wuya, mutumin da ya yi shekara talatin yana juya hanyar jirgi, ko yana tsaye gaban injin saƙa, wace sabuwar sana'a zai koya da furfura a kansa? Wannan magana gaskiya ce, kuma nauyinta a wuyan hukuma yake. Wanda ya ba ƙasa ƙuruciyarsa, haƙƙinsa ne a biya shi fansho da kuɗin sallama a kan kari, abin kunya ne kuwa yadda tsofaffin ma'aikatan Reluwe da na masaƙu suka yi shekaru suna bin haƙƙinsu, waɗansu har suka mutu ba su gani ba. Sauyin zamani yana da riba, amma ba daidai ake raba ribar da asarar ba, aikin gwamnati ne ta tallafi wanda asarar ta faɗa wa. Sai dai ko a cikin waɗanda aka sallama an ga bambanci. Makanikin loko da ya fahimci yadda inji ke aiki ya koma gyaran injin niƙa da janareto da manyan motoci, ya ci gaba da ciyar da gidansa. Wanda iyakar saninsa ɗaga tuta, da jirgi ya tsaya shi ma ya tsaya.

Saboda haka ga shawarata ga samari: ku koyi tushen sana'a, kada ku tsaya ga samfurin da ake yayi. Bakanike ya san lantarkin mota da na'urar gano cutarta, domin motoci masu kafireto suna ƙarewa, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuma masu iskar gas da masu batir sun fara shigowa. Mai haɗa wutar gida ya koyi kafa faifan hasken rana da famfon ban ruwa. Mai POS ya tambayi kansa me zai sayar ranar da kowa ya daina neman tsabar kuɗi. Ga manoma kuma, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar mutum hamsin tana iya sayen injin yanka da na niƙa, ta gina dandamalin shanya mai tsabta, ta keɓe gonar iri nesa da inda cuta ta taɓa, ta riƙa hutar da ƙasa ta hanyar juya shuka, ta kuma nemi mai saye kai tsaye ta wayar da ke aljihun kowa. A kuma raba ƙafa: ga kurkum, ga acca, ga waken suya, ga zuma. Kasuwar aladu ta Katsit, wadda take cikin mafiya girma a ƙasar nan, ta nuna cewa in akwai kaya, masu saye za su taso tun daga kudu da motocinsu, ko da jirgi ko babu.

Makarantun yankin su ma suna da abin yi. Ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafancan, inda ake koyar da aikin gona, ga Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya, ga kuma sabuwar jami'ar tarayya ta kimiyyar aikace-aikace da aka kafa a Kaciya a 2025. Ya kamata a ce a nan ake binciken cutar citta da samar da iri mai tsabta, tare da cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa ta Umudike, a nan kuma ake gwada ingancin kaya kafin su bar gida. Digirin da bai san abin da ke ruɓewa a gonar bayan makaranta ba, amfaninsa kaɗan ne ga iyayen da suka biya kuɗinsa. Gwamnatin jiha kuma ba ta da sauran uzuri, domin gyaran tsarin mulki na watan Maris 2023 ya ba jihohi ikon shiga harkar jiragen ƙasa da ta wutar lantarki. Injin niƙa ba ya juyawa da alkawari, wuta yake so.

Akwai kuma jari guda wanda in babu shi sauran duk aikin banza ne, shi ne zaman lafiya. Kafancan ta ga 1987, ta ga 1999, ta ga 2011 lokacin da babbar kasuwarta ta ƙone, ƙauyukan yankin kuma sun sha hare-haren da suka hana manoma zuwa gona. Kowane rikici ya kori mai kuɗi da mai sani, na masallaci da na coci, ya kuma koya wa baƙon ɗan kasuwa ya bi wata hanya. Mai noma citta da dillalinta da mai motar da ke ɗaukarta sau da yawa ba addininsu ɗaya ba, ba kuma yarensu ɗaya ba, amma buhu guda ne yake ciyar da su duka. Garin da albashin Reluwe ya taɓa haɗawa, ciniki yana iya sake haɗa shi in shugabannin kowane ɓangare sun ga dama.

Lalle a ci gaba da matsa wa Gwamnatin Tarayya lamba har dogo ya iso Kafancan, wakilan yankin a majalisa kuma su riƙa tambayar inda aka kwana da kuɗin da aka kashe. Amma kafin ya iso, kowace ƙaramar hukuma daga Jama'a zuwa Jaba, daga Kaciya zuwa Kagarko, ta zauna da manomanta da 'yan kasuwarta ta ƙidaya abin da za ta iya cika tarago da shi a kowane mako, niƙaƙƙe, tatacce, a cikin kwali mai ɗauke da sunan garin da aka yi shi. Turawa sai da suka ga kwal da kuza sannan suka shimfiɗa ƙarfe, duk wanda zai zuba kuɗinsa a wannan hanya a yau ma abin da zai fara tambaya ke nan.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.